Bibliotek ɗin Kawu, Wadda Ba Ta da Littafi Ko Ɗaya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu ya rasu da hantsi, a tsakiyar bazara, lokacin da ko inuwar darbejiya ba ta da sanyi a N'Djamena. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Kafin la'asar an kafa rumfa a ƙofar gidanmu na Kabalaye, an shimfiɗa tabarmi, an ɗora shayi.

Ni ina cikin gida wajen mata. Sai dai tagar ɗakin mahaifiyata rumfar take kallo, don haka kusan duk abin da maza suka faɗa a kwanakin zaman makoki ya shiga kunnena. Kowa ya yabe shi, wani da Hausa, wani da Larabci. An ce mai haƙuri ne, kuma gaskiya ne. An ce ba ya fashin jam'i, shi ma gaskiya ne. Amma da aka zo kan sana'arsa sai baki ya rabu. Mai shagon kusurwa ya ce, "Allah yarhama, ba a yi mai gyaran waya kamarsa ba." Kawu kuwa bai taɓa kwance waya ba. Wani tsohon abokin aikinsa ya ce ai tun da ya yi ritaya ya daina aiki, hutawa yake yi. Wani maƙwabci ya ce shi dai abin da ya sani, mutum ne mai son tara tsofaffin kaya.

Akwai wani dattijo makaho, Kirista ne ɗan kudancin ƙasar, matarsa ce ta riƙo shi har bakin rumfa. Ya yi gaisuwa, ya zauna a gefen tabarma, hawaye na bin fuskarsa. Mutane suka yi ta tambayar juna ko wane ne.

Ɗan Kawu, wanda nake kira Yaya, yana aiki a Faransa, bai samu jana'iza ba. Ranar sadakar uku ya iso. Da liman ya gama addu'a sai ya tambaye shi ko mamacin ya bar wani aikin alheri da ya kamata iyali su ci gaba da shi. Yaya ya ce, "Baba ya bar bibliotek da mutane ke amfani da ita a ƙasashe da yawa." Liman ya ce masha Allah, wannan sadaka ce mai gudana, wanda ya bar littattafai ladarsa ba ta yankewa. Washegari wani tsoho ya aiko a tambaye ni ko a cikin littattafan akwai tafsiri mai manyan baƙaƙe da za a ara masa.

Mahaifiyata, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, ita ce ta faɗi abin da ya hana ni sukuni. Tana zaune, carbi a hannu, ta kalli ƙofar ɗakinsa da ke rufe ta ce, "Gida ɗaya muka tsufa da shi, amma wallahi ban san me yake yi a ɗakin nan ba."

Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ni malama ce, ina koyar da ilimin kwamfuta a wata makarantar sakandare a Boutalbagar, kuma a gidan nan ni kaɗai ce nake shiga ɗakin in zauna. Idan ban faɗa ba, abin da za a riƙe game da shi ke nan: mai gyaran waya, mai tara tarkace.

Bibliotek ɗin Kawu ba ta da littafi ko ɗaya. A bakin masu rubuta manhaja, bibliotek wani ɗan guntun aiki ne da mutum ɗaya ya rubuta, wasu su ɗauka su saka a cikin tasu manhajar, don kada kowa ya sake yin wahalar daga farko. Ta Kawu aiki ɗaya take yi. Idan manhaja ta sauka a kan wata na'ura, ita ce ke fara leƙawa ta gano inda aka sauka: Windows ce, ko Linux, ko Mac, ko wayar Android? Sabuwa ce ko tsohuwa? Ƙwaƙwalwarta wace iri ce? Sai ta gaya wa manhajar, ita kuma ta san yadda za ta yi zamanta.

Wata rana mahaifiyata ta shigo kawo wa Kawu kunu ta ce, "Kai dai kullum kana gaban wannan abu." Ya ce, "Zauna in gaya miki." Ta ce tana da wanki. Ya ce, "To a tsaye. Idan kika je baƙunta, kafin ki ce za ki yi alwala ai sai kin san inda suke ajiye buta. Ni aikina ke nan." Ta ce, "To Allah ya ba da sa'a," ta fita. Ya bi ta da kallo, ya yi murmushi, ya juya ga aikinsa. Ban sake jin ya gwada yi wa wani bayani a gidan ba.

Kakanmu ya taso daga ƙasar Hausa da niyyar Makka, ya yada zango a garin nan don ya huta, hutun ya zama zama. Kawu ne na farko a zuri'ar da ya yi boko mai zurfi. Ya yi aiki a wani ofishin gwamnati tun zamanin da kwamfuta ɗaya ke cika ɗaki. Bayan ritaya wani ɗan'uwanmu mai kantin magani ya roƙe shi ya rubuta masa manhajar da za ta riƙa nuna masa magungunan da suka kusa lalacewa. Kawu ya rubuta, ta yi aiki sumul a kan tasa na'urar. Da aka kai kantin sai ta ƙi tashi. Ya yi kwanaki yana nema, ashe 'yar sandar nan ce da ake raba sunayen wuraren ajiya da ita: a nasa sistem ɗin, wato tsarin da ke tafiyar da na'urar, gaba take jingina, a na kantin baya. Abin ya ba shi haushi ƙwarai. Ya ce ba zai yarda wani ya sake ɓata kwanakinsa a kan sanda ba. Ya rubuta ɗan abin da zai riƙa tambayar na'ura tukuna, ya ɗora shi a intanet kyauta, ya manta da shi. Sai saƙonni suka fara zuwa da Faransanci da Turanci, daga garuruwan da bai taɓa jin sunansu ba. Daga nan bai ƙara samun hutu ba, kuma ban ga alamar yana nema ba.

Abin da ya fi ba shi dariya shi ne na'urori ba sa faɗin gaskiya. Ka tambayi wayar Android ko ita wace ce, ta ce maka Linux ce, kuma ba ta yi ƙarya duka ba, don daga can tushenta yake. Ka tambayi sabuwar Windows lambarta, ta ba ka ta yayarta. Ka tambayi babbar na'ura ta bakin ƙaramar manhaja, ta ƙanƙantar da kanta don kada manhajar ta firgita. Yakan ce, "Kada ki tsaya a kan sunan da ta faɗa. Ba ta aiki ki ga yadda za ta yi." Saboda haka tambaya ɗaya ba ta isarsa. Zai tambaya ta nan, ya zagaya ya tambaya ta can, ya gwada amsoshin. In sun saɓa, ya sake dabara.

In kuma duk dabara ta ƙare, bibliotek ɗin kalma ɗaya take mayarwa: ba a sani ba. A kan wannan muka taɓa yin musu. Na ce, "Kawu, ai yawancin na'urorin duniya Windows ne. In ba a gane ba, a ce Windows kawai, sau da yawa za a dace." Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, "Ranar da ba a dace ba fa? Wanda abin ya faɗa wa, wa zai gaya masa cewa canka aka yi?" Na ce mutane ba sa son ganin "ba a sani ba". Ya ce, "Ni ma ba na so. Amma in na faɗi haka, mai manhaja zai nemi wata hanya. In na yi masa canki, ya gina a kai." Na ci gaba da gardama har ya ce, "Kalas, sha shayinki." Haka yake rufe magana.

Ba ya yarda ya rubuta cewa abu yana aiki a kan na'urar da bai taɓa da hannunsa ba. Wannan ne ya mayar da shi ɗan kasuwar Dembé. Yakan hau kalando, babur ɗin haya, da safe, babbar riga da hula, ya nufi layin masu kayan gwanjo. Ba mai kyau yake nema ba, baƙuwa yake nema: wadda aka daina yi, wadda madanninta na wani harshe ne, wadda mai ita ma bai san daga ina ta fito ba. 'Yan kasuwa sun san shi. Wani Bazazzage yakan hango shi ya ce, "Alhaji, yau ga wata mahaukaciya na ajiye maka." Ya dawo da ita a cinya a bayan babur, kamar wanda ya ɗauko jinjiri daga asibiti. Matarsa, wadda muke kira Tanti, takan tsaya a tsakar gida ta riƙe ƙugu. "Wata kuma? A ina za ta kwana?" Ya ce, "Za su matsa mata."

Ɗakin ƙarami ne, a jikin zaure. Katakai ya kafa har sama, na'urori a jere, kowace da ɗan ƙyalle a kanta. Idan aka kawo kuran, wato wutar lantarki, ko yana tsakiyar cin abinci ne, zai wanke hannu ya tashi. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kunnawa, wasu sai an jira su kamar tsofaffin da ke tashi daga tabarma. Ya gwada sabon gyaran da ya yi a kan kowace. Sau da yawa kafin ya kai ta ƙarshe an ɗauke wuta. Ba ya tsaki. Ya mayar da ƙyallayen, ya fito zaure da mafici, ya zauna shi kaɗai yana kallon titi. Abokan zamansa na da, wasu sun rasu, wasu sun koma wajen 'ya'yansu. Waɗanda suka rage hirarsu siyasa ce da farashin gero, shi kuma abin da ke ransa ba shi da wanda zai gaya wa. In na dawo daga makaranta na same shi a nan, tun kafin in sauke jaka zai ce, "Zo ki ji abin da wata ta yi mini yau."

Dattijon nan makaho da ya zo gaisuwa, ga yadda suka haɗu. Tsohon malamin makaranta ne, idonsa ya tafi bayan ya bar aiki. 'Yarsa ta ba shi tsohuwar kwamfuta, aka gaya masa akwai manhajar da ke karanta wa makafi abin da ke kan allo. Duk wanda ya gwada saka masa sai ta ƙi. Matarsa tana sayen kayan miya wuri ɗaya da Tanti, ta nan maganar ta iso gidanmu. Kawu ya je. Ya dawo fuskarsa a ɗaure, bai ci abincin rana ba. Da na matsa masa ya ce, "Laifina ne."

Ashe abin da ke saka manhajar da bibliotek ɗinsa yake amfani. Na'urar dattijon ƙwaƙwalwarta babba ce, amma wanda ya gyara ta ya ɗora mata ƙaramin sistem na tsofaffin na'urori. Bibliotek ɗin ta tambayi ƙwaƙwalwar, ta ji babba ce, ba ta tambayi sistem ɗin ba. Sai aka yi ta sauko da manhajar da ta fi ƙarfin wurin. Na ce, "To ai sai ka saka masa ƙaramar da hannu, magana ta ƙare." Ya ce ya riga ya saka, tun ɗazu mutumin yake sauraro. "Amma shi ne na gani. Sauran fa?"

Ya roƙi dattijon ya bar shi ya riƙa zuwa yana gwaji a kan na'urar, don ba shi da irinta kuma ba ya so ya raba shi da ita. Ya yi makonni yana zuwa da ƙafa, cikin rana. Gyaran ya ƙare amma zuwan bai ƙare ba. Na taɓa raka shi. Na same su a ƙarƙashin mangwaro, murya daga na'ura tana karanta musu labaran duniya da sandararren Faransanci, su biyun suna gyara mata furuci suna dariya. A hanyar dawowa ya ce mini mutumin ya gaya masa cewa rabon da ya karanta wani abu ba tare da ya roƙi kowa ba, har ya manta. 

Dole in faɗi rigimarsa da Yaya, don kowa a gidan ya san da ita, ko da yake ba su san a kan me aka yi ba. Yaya ma manhaja yake rubutawa, a wani kamfani a can. A wajen uban ya koya. Wata babbar Sallah ya zo, ya zauna ya karanta aikin daga farko har ƙarshe. Bayan an ci nama, muna zaure mu uku, ya ce, "Baba, rabin abin nan na matattun na'urori ne. A cire. Ya yi nauyi, kuma duk wanda ya zo taimaka maka sai ya gudu."

Kawu ya ce, "Matattu a ina?"

"A ko'ina. Masu su ma sun daina kula da su. Ba wanda ke amfani da su."

"Gobe in kai ka Dembé."

"Baba, Dembé ba duniya ba ce."

"To a ina take?"

Yaya ya ce ba haka yake nufi ba. Ya ce tsofaffin hanyoyin nan ƙofofi ne da ɓarawon intanet zai iya bi, kuma idon Baba ba kamar da ba ne, wata rana zai yi kuskuren da zai shafi dubban mutane. Ina zaune ina ji, kuma har yau ina ganin Yaya yana da gaskiya a nan. Kawu ma ya sani, shi ya sa abin ya yi masa zafi. Ya ce, "Makarantar ƙanwarka da me take koyarwa? Asibitin unguwa da me yake aiki? Abin da kuka zubar shi muke kunnawa." Ya tashi ya shiga ɗaki.

Da Yaya ya koma Faransa sai ya yi gyaran da kansa, ya share duk tsofaffin sassan, ya tura a dandalin aikin na intanet da kowa ke gani, yana neman a karɓa. Aiki ne mai tsabta, na duba. Wasu baƙi suka yi ta yabawa a ƙasa. Kawu ya ƙi karɓa. Ya rubuta amsa da Faransanci mai ladabi, irin wadda yake rubuta wa kowa: ya gode da ƙoƙari, amma ba za a cire ba. Ya buɗe ta da "Monsieur", kamar yana magana da baƙo.

Yaya ya kira ni a ranar. "Kin gani? Monsieur. Ni." Na je na sami Kawu na ce wannan bai dace ba. Ya ce a dandalin kowa Monsieur ne, ba ya so a ce ya bambanta ɗansa. Na ce, "Kawu, kira shi ka gaya masa haka." Ya ce zai kira. Bai kira ba. Daga nan wayarsu ta koma gaisuwa: ya aiki, ya sanyi, ga mahaifiyarka. Tanti takan karɓi wayar ta shiga ɗaki, ta fito idonta ja. Ta taɓa tsayawa a ƙofar ɗakin na'urorin ta ce, "Waɗannan ne za su ɗauki makararka?" Ya ci gaba da aikinsa. Amma na lura duk lokacin da Yaya ya wallafa wani aiki nasa, Kawu zai sauko da shi, ya gwada a kan na'urorinsa, ya ce mini, "Yaron nan hannunsa ya fi nawa." Na ce ya gaya masa. Ya ce, "Ya sani."

Bai sani ba. Ni na gaya masa, bayan an yi bakwai.

A shekarar ƙarshe ciwon suga ya ci idonsa sosai. Ya ƙara girman baƙaƙe har kalma biyu ke cika allo, daga baya hakan ma ya gagara. Sai na zama idonsa. In na taso daga makaranta in zauna in karanta masa saƙonni, ya faɗa in rubuta. A nan na ga irin mutanen da yake yi wa hidima. Akwai masu godiya, amma kaɗan ne, don wanda abu ya yi wa aiki ba ya waiwaye. Masu rubutowa yawanci masu fushi ne. Wani ya ce mako guda ke nan ba a amsa masa ba, wannan wane irin sakaci ne. Wani ya ce kamfaninsu na asara. Na ce, "Kawu, bari in gaya masa kyauta yake ci, kuma mai aikin ba shi da lafiya." Ya ce, "A'a. Tambaye shi wace na'ura ce, kuma me ta ce da aka tambaye ta."

Aikin da ya tsaya masa a rai na ƙarshe wata sabuwar ƙwaƙwalwa ce da ta fito, mutane suna ta roƙo a saka ta. Ya san yadda za a rubuta, ya faɗa mini layi-layi na rubuta. Da na ce in tura, ya ce a'a, ba mu gwada ba. Irin wannan na'ura ba ta iso Dembé ba, sai ta tsufa a wani wuri tukuna. Na ce, "Yaya yana da ita a ofis." Ya jingina da kujera. Sannan ya ce, "Bari in ji sauƙi in kira shi da kaina." Kwanaki kaɗan bayan haka aka kwantar da shi.

Saƙonni ba su san an yi mutuwa ba. Muna zaman makoki suna shigowa. Bayan bakwai ni da Yaya muka buɗe ɗakin. Ya tsaya a tsakiya yana kallon katakan, ya ɗaga ƙyalle ɗaya, ya gane na'urar da ya koyi rubutu a kanta yana yaro. Ya zauna a kujerar uban. Na nuna masa gyaran da ke jiran gwaji, na gaya masa abin da Kawu ya ce. Ya fito da tasa kwamfutar daga jaka, irin sabuwar ce. Ya gwada. Abin ya yi aiki tun karon farko, bai canza ko ɗigo ba. Ya rufe fuskarsa da hannu biyu. Na fita na ja masa ƙofa.

Sai maganar wanda zai riƙe aikin. Ni ilimina bai kai ba, karatu da rubutu na yi wa Kawu, ba tunani ba. Yaya ya ce ba zai iya ba, duk layin da ya buɗe muryar Baba yake ji. Muka rubuta sanarwa a dandalin cewa mai aikin ya rasu. Mutane ƙalilan suka yi ta'aziyya. A ƙarƙashin sanarwar wani ya tambaya yaushe za a gyara masa matsalarsa.

Akwai wata mata a Kanada da ta daɗe tana turo ƙananan gyare-gyare, Kawu yana yaba hankalinta. Ita muka nema, ta yarda. Kafin Yaya ya koma muka kira ta ta bidiyo, da la'asar, daga cikin ɗakin. Mace ce mai furfura, mai magana a hankali. Ta yi mana gaisuwa, ta ce shekaru tana aiki da shi ba ta taɓa jin muryarsa ba. Yaya ya ce yana da roƙo ɗaya: kada ta cire tsofaffin na'urori. Na dube shi, bai dube ni ba. Matar ta ce ba za ta yi mana alkawarin da ba za ta iya cikawa ba, don ba ta da irinsu, kuma ba za ta ce abu yana aiki ba alhali ba ta gwada ba. Na ce ta riƙa turo mini, zan kunna su in gwada, muddin suna tashi. Ta ce to, a kan haka ta yarda.

Har za mu yi sallama sai ta ce, "Ku gafarce ni. Sauran fa? Ina so in yi musu ta'aziyya, kuma in san wanda zan riƙa tuntuɓa."

Yaya ya ce, "Waɗanne sauran?"

Ta ce, "Abokan aikinsa. Kullum haka yake rubutawa: mun gwada, mun gano, muna ba da haƙuri. Kuma yawan na'urorin da ake gwadawa, mu a nan mun ɗauka wata cibiya ce, ko sashen wata jami'a."

Ni na rubuta wasu daga cikin saƙonnin nan da hannuna, yana faɗa ina bugawa, ban taɓa lura ba.  Sai na ɗauki wayar, na juya ta, na bi ɗakin da ita a hankali: katakan, ƙyallayen, fankar da ba ta juyawa, dardumar sallarsa a naɗe, kujera ɗaya.

Matar ta bi ɗakin da kallo har ƙarshe. Sannan ta ce, "Shi kaɗai?"

 Ni na amsa. Na ce, "Shi kaɗai."

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Ka san shi, ba sai an yi maka bayaninsa ba. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya masa. Ka ba shi abokan zama na gari a inda ya tafi. Amin.